Kurakuran da Masu Ƙirƙirar Wasan Bidiyo Suka Fi Yi Wajen Tsara Madannai

Matasan Damagaram da ke koyon haɗa wasa da manhajar Unity ko Godot sukan gina shi a kwamfuta, alhali masu bugawa a Birni da Zango waya ce a hannunsu, ko manet (na'urar da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasa) a ɗakin wasa. Kowace na'ura da irin aikin da take sa hannu, kuma daga nan ya kamata tsari ya fara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwashe madannai goma na kwamfuta a jera su a fuskar waya. A waya manyan ƴatsu biyu ne kawai ke aiki, suna rufe wani sashe na hoton, kuma gilas ba ya sanar da yatsa cewa ya dace da madanni. A rage su zuwa uku ko huɗu, a ajiye su a kusurwoyin ƙasa. Google na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza dp 48 (ma'aunin girma a fuskar waya) a tsawo da faɗi, Apple kuma maki 44 a nasa ma'aunin. Sandar tafiya (joystick, wadda ake turawa da yatsa don motsi a wasa) ta bayyana duk inda yatsan hagu ya sauka. Bayanin da ke fitowa idan linzamin kwamfuta ya tsaya kan abu ba shi da gurbi a waya, sai a mai da shi dogon danni.

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Allon rubutun Faransa AZERTY ne, na Kano kuwa galibi QWERTY. Wanda ya ɗaure tafiya a haruffan W, A, S, D ya wahalar da mai AZERTY, domin a wurinsa Z, Q, S, D ne ke zaune a waɗannan gurabe. A karanta gurbin madanni maimakon harafinsa. Godot na da wannan zaɓi. A kuma bar ɗan wasa ya sauya madannai yadda yake so.

A manet, sanda ba ta komawa tsakiya daidai, balle ƙurar hunturu ta shige ta. Sai a ga mutumin cikin wasa na tafiya ba wanda ya taɓa shi. A yi watsi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na farkon motsi, a auna shi a da'ira, sannan a sake shimfiɗa ragowar daga sifili don kada tafiya ta fara da fizga.

Saitin harbi ma ya bambanta. Linzami yana ba da nisan da hannu ya motsa, sanda tana ba da sauri. Saboda haka ƙimar sanda ake ninkawa da tsawon lokacin kowane hoto da wasan ke nunawa (frame), ta linzami kuwa a'a. Mai manet yana bukatar a ɗan rage saurin saiti idan ya zo kan abokin gaba, kamar yadda wasan Halo ya yi a 2001.

Danna madannin gaba da na dama tare yana ba da sauri ninki 1.41 idan ba a daidaita ba. Kuma kada a rubuta "danna A" kawai: a manet ɗin Xbox yana ƙasa, a na Nintendo yana dama. A nuna hoton madannin na'urar da ke hannun mutum.