Ba kowace laka ce ta kogi ba

'Yan uwa masu rubutun labarin ƙasa, ga wata 'yar shawara. Na lura muna haɗa kalmomi biyu a kwando ɗaya: sedimen da aluwiyom, duk mu ce musu laka.

Sedimen ita ce uwa. Duk abin da aka kwaso daga wani wuri aka zube a wani, ko ruwa ne ya kwaso, ko iska, ko ƙanƙara mai gangarowa daga tsauni, sunansa ke nan. Aluwiyom kuwa sai wanda ruwa mai gudu ya ajiye, a cikin kogi ko a fadamar da ambaliya ta shafe. Tudun rairayin da iska ta tara a Sahara sedimen ne, amma ba aluwiyom ba. Baƙar ƙasar da Kogin Nilu yake zubarwa a gonakin Masar kowace shekara, kafin a kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, ita ce aluwiyom ta gaske.

Abin da ya sa "laka" ba ta isa ba, kogi ba laka kaɗai yake ajiyewa ba. Har da yashi da tsakuwa. Ku ɗebo ƙasar bakin kogi ku zuba a kwalba, ku cika da ruwa, ku girgiza. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa ya bar ruwan a gurɓace har kwana biyu ko fiye.

Ni dai in ban tabbatar da wanda ya kawo ƙasar ba, sedimen nake rubutawa.