Yadda Na Hana Kuɗin Cizo Bin Ni Gida Daga Jos

A watan Disamba na sauka a wani masaukin baƙi kusa da Terminus a Jos, kuma saboda tsananin sanyi na lulluɓa da bargon ɗakin ba tare da dubawa ba. Da asuba na farka da ƙuraje jere a hannu, sai na haska fitilar waya a ɗinkin katifa, inda na tarar da kuɗin cizo da baƙaƙen ɗigon kashinsu.

Babban tsorona shi ne in kai su gida. Tun a masaukin na ƙulle tufafina cikin leda, da na isa kuwa ban shigar da jakar kayana cikin ɗaki ba. Na jiƙa tufafin a tafasasshen ruwa, domin zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwarin har da ƙwansu, abin da feshin maganin sauro bai cika yi ba, sannan na bi kowane ɗinki da dutsen guga. Jakar ce ta fi wahalar da ni, domin sai da na goge lungunanta da buroshi, na ɗaure ta cikin baƙar leda, na bar ta a rana kwana 3. Da yake ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kusan kwana 10, na sake dubawa bayan mako 2, ban ga ko ɗaya ba.