Yadda Ake Ɗaukar Hotunan Aikin Gayya Na Sake Gina Gida

Masu yawan tambayata kan hotunan gidajen da damina ta rushe a Rigasa, ga yadda nake yi:

1. Nemi izinin maigida tukuna.
2. Ɗauki gidan kafin a taɓa komai.
3. Sa alama inda ka tsaya. Nan za ka ɗauki na ƙarshe.
4. Fito da sassafe, rana tsaka tana ɓata hoto.
5. Riƙa goge gilashin kyamara, ƙurar siminti ba ta da kirki.
6. Bi hannuwan mutane: mai kwaɓa siminti, mai miƙa bulo, kafinta.

Hattara: kada ka shiga wurin mata sai an yi maka iso.

7. Nuna wa iyalin hotunan kafin ka sa a Facebook. Wanda ba su so, goge shi.