Darasi na 7: Lissafin Gida Kafin Zuwan Jariri

A wannan darasi za mu yi amfani da tarawa da ɗebewar da muka koya wajen amsa tambaya guda: shin abin da ke shigowa gidanmu zai iya ɗaukar ɗawainiyar jariri? Kowa ya tanadi takarda da alƙalami. Aikin na mutum biyu ne, miji da mata. Wanda abokin zamansa ba ya cikin ajin nan sai ya tafi da takardar gida su ƙarasa tare.

Za ku ji ana cewa kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Ba mu musa ba. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma lissafi ba ya hana arziki zuwa.

Ku ja layi a tsakiyar takarda. A dama ku rubuta duk abin da ke shigowa a wata, na miji da na mata. Wanda samunsa ba tsayayye ba ne ya duba watanni 6 da suka wuce, ya ɗauki watan da ya fi ƙarancin samu, ba wanda kasuwa ta yi kyau ba. A hagu ku rubuta abin da ke fita: haya, cefane, wuta da ruwa, kuɗin mota, magani, taimakon dangi, da bashi. Wajen bashin nan ake yawan yin nuƙu-nuƙu. Idan ɗaya ya ɓoye wa ɗaya abin da ake binsa, duk lissafin da zai biyo baya ya tashi a banza. Ku ɗebe na hagu daga na dama. Abin da ya rage shi ne rararku.

Da an ce jariri, hankalin mutane kan tafi ga riguna da shimfiɗa da kayan wanka. Waɗannan su suka fi sauƙi. Ana iya aro, ana iya sayen na hannu, kuma kafin a ankara yaron ya fi ƙarfinsu. Nauyin yana wani wuri.

Ciki yana ɗaukar kimanin makonni 40. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, tana kuma shan ƙwayar ƙarin jini kullum. Ko a inda awo kyauta ne, akwai kuɗin mota, akwai gwajin jini da hoton ciki, ga yinin aiki da ya tafi. Ku kiyasta abin da zuwa ɗaya zai ci, ku ninka sau 8.

Ita kuwa haihuwa, farashi biyu za ku tambayo a asibitin da kuke son zuwa: na haihuwa da kai, da na tiyata. Babu mai fatan tiyata, amma alƙaluman da hukumar ta fitar a 2021 sun nuna fiye da ɗaya cikin kowace haihuwa biyar a duniya ta hanyar tiyata ake yin ta. Babban farashin shi za ku rubuta. Ku tambaya har da ƙarin jini da kwanakin jinya, ku kuma san motar da za ta kai ku idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Masu inshorar lafiya su bincika abin da take biya da wanda ba ta biya.

Abin da aka fi mantawa da shi ba kuɗin da za a kashe ba ne, kuɗin da zai daina shigowa ne. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla makonni 14, tare da biyan aƙalla kashi biyu bisa uku na albashi. Sai dai ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, mai sana'ar kanta kuwa ranar da ta zauna ranar cinikinta ya tsaya. Idan kuma ta koma aiki, wa zai riƙe yaron? Kada ku rubuta sunan kaka ko ƙanwa sai kun tambaye ta ta yarda. In biya za a yi, a sa shi a lissafi.

Shayar da nono zalla na watanni 6 na farko, kamar yadda likitoci ke so, yana rage kashe kuɗi ƙwarai. Amma ku bar gurbi ko da larura za ta sa a koma ga madarar gwangwani, domin tana da tsada.

Ga misali. Mu ce samun gida 100 ne a wata: miji 60, mata 40. Abin da ke fita 85, rara 15. Matar ta haihu, ta yi watanni 3 ba ta aiki. Samu ya koma 60, kashewa ta hau 95 saboda hidimar jariri. Giɓin kowane wata 35 ke nan, na watanni uku 105. Idan suna ajiye 15 duk wata, sai sun yi watanni 7 kafin su cike wannan giɓi kaɗai. A watanni 9 za su tara 135, abin da zai rage wa awo da asibiti 30 ne kacal.

Takarda ba ta gardama, don haka ku gwada a aikace. Ku yi watanni 3 kuna ware abin da kuka kiyasta wa jariri ba tare da kun taɓa shi ba. In kun iya, ajiya ta fara taruwa. In kun kasa, ku duba wanne za ku fara: biyan bashi, rage wata ɗawainiya, ko ɗan jinkirtawa. Jinkirin ma yana da iyaka, domin samun ciki kan ƙara wuya bayan mace ta wuce shekara 35. Masu goyo kuma ana shawartar su da su jira aƙalla watanni 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Ma'aikacin lafiya zai yi muku bayanin hanyoyin ba da tazara.

Aikin gida: ku sake lissafin misalin nan da alƙaluman gidanku, ku rubuta wata nawa za ku yi kuna ajiya kafin ku cike giɓin. A zo da takardar a darasi na gaba.