Yadda ake daidaita naitret a tankin murjani mai ƙashin dutse

Duk abincin da ka zuba wa kifi a tankin ruwan gishiri, ƙarshensa naitret ne. Kifi ya ci ya fitar da amoniya, ragowar abincin da ya faɗa bayan dutse ya ruɓe ya ƙara wata. Bakteriyar da ke zaune a jikin duwatsu da yashi ita ke mayar da amoniyar zuwa naitirait, daga nan kuma zuwa naitret. Amoniya guba ce mai saurin kisa. Naitret kuwa taruwa yake yi a hankali, mako bayan mako, har ka wayi gari ka ga murjanin da ka sayo shuɗi ya koma ruwan ƙasa, gilashi kuma yana yin kore kwana ɗaya da gogewa.

A cikin naman murjani mai ƙashin dutse, wato halittar teku mai rai da ke gina wa kanta ƙashi mai tauri, akwai wasu ƙananan gansakuka masu ƙwaya ɗaya, dangin Symbiodiniaceae, waɗanda ke ɗaukar haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Naitret a wurinsu kamar taki ne a gona. Idan ya yi yawa sai su hayayyafa fiye da kima, launinsu na ruwan ƙasa ya rufe launin murjanin. Idan babu shi kwata-kwata sai su ragu, murjanin ya yi fari-fari, namansa ya sirance, girma ya tsaya. Saboda haka kada ka sa a ranka cewa sifiri ake nema. Gaskiya ne ruwan tekun da murjani ke zaune a cikinsa ba shi da naitret sai ɗan ƙanƙani, amma can murjani yana kama ƙananan halittun ruwa dare da rana, abin da tankin gilashi ba ya iya ba shi.

Adadin da ake nema

Ana auna naitret da ppm, wato miligiram a kowace lita. Ga murjani masu ƙananan bakuna irin su Acropora, Montipora, Stylophora da Seriatopora, yawancin masu kiwo suna riƙe shi tsakanin 2 zuwa 10. Masu manyan bakuna da nama mai kauri, irin su Euphyllia da Duncanopsammia, sun fi haƙuri, 5 zuwa 15 ba ya damunsu. Tsayuwar adadin wuri ɗaya ta fi ainihin lambar muhimmanci. Tankin da ya shekara a kan 12 kuma murjaninsa na girma, a ƙyale shi.

Kar ka auna naitret shi kaɗai, ka haɗa da fosfet, wani sinadari da shi ma yake taruwa daga abincin kifi, wanda ake so ya zauna wajen 0.03 zuwa 0.1 ppm. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka wallafa a 2013 ya nuna cewa idan naitrojin, sinadarin da ke cikin naitret, ya yi yawa alhali fosfet ya yi ƙaranci, gansakukan da ke cikin murjani sukan shiga yunwar fosfet, murjanin kuma ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske ya ƙaru. Mafi hatsarin yanayi ke nan: naitret 20, fosfet sifiri. Yakan faru ga wanda ya cika maganin tsotse fosfet na garin ƙarfe, wanda ake kira GFO, ya bar naitret yana hawa.

Awo

Kayan awo na kamfanonin Salifert, Red Sea da Nyos da ake ɗiga magani a duba launi sun isa aikin yau da kullum. Na'urar awo ta kamfanin Hanna tana ba da lamba kai tsaye, ta hutar da kai gardamar launi. Ka riƙa awo sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin ka ba kifi abinci, ka rubuta a littafi. Ka wanke kwalbar awo da ruwan tankin kafin ka ɗiba, ka duba launin a hasken rana, domin shuɗin fitilar tanki yana ruɗin ido. Ka kuma duba takardar da ke cikin kwalin: wasu kayan awon naitrojin ɗin da ke cikin naitret suke ƙirgawa, sai ka ninka sakamakon da 4.4 kafin ka sami ainihin naitret. A sabon tanki kuma, ɗan naitirait kaɗan yakan sa awon naitret ya nuna lamba mai ban tsoro wadda ba gaskiya ba ce.

Idan ya hau

Fara da abin da ke shigowa. Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse sukan zo da nasu naitret ɗin, musamman kusa da gonakin da ake zuba taki ko kusa da masai. Sai ruwan da aka tace da na'urar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, wanda mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwan, ta nuna sifiri, shi ake haɗa gishiri da shi, shi kuma ake cike gurbin wanda ya ƙafe. Idan mitar ta fara nuna 1 ko 2, garin tacewar ya gaji, a sauya shi. Abincin kifi mai ƙanƙara a narkar da shi a ƙaramin kofi, a tsiyaye ruwan, sannan a ba su iya abin da za su cinye cikin minti biyu.

Sai dattin da ya riga ya shiga. Safar tacewa da soso suna kama datti, amma idan suka kwana biyar a wurin, dattin nan yana ruɓewa ne a cikin ruwanka. A cire su kowane kwana biyu ko uku a wanke. Kafin sauya ruwa, ka hura duwatsu da ƙaramin famfo, za ka ga wata ƙura mai ruwan toka tana tashi daga ramuka. Ita ce ake so a zuƙe. Ka leƙa kusurwoyin tankin ƙasa, wato tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban tanki, nan ma takan kwanta. Injin kumfa, wanda ke fitar da datti kafin ya ruɓe, a goge wuyansa duk mako, don idan maiƙo ya lulluɓe shi kumfar ba ta hawa.

Sauya ruwa yana taimakawa, amma lissafinsa ba ya wuce abin da ka cire. Idan naitret yana 30 ka sauya kashi 20 cikin 100, zai dawo 24. Tankin da ke ƙara 5 duk mako, kana sauya kashi 10 duk mako, zai je ya tsaya ne wajen 45 zuwa 50. Dole a sami abin da ke cin naitret kullum a cikin tankin.

Hanya mafi sauƙin hatsari ita ce noman gansakukar Chaetomorpha a wani ɗaki na tankin ƙasa. A ba ta fitila mai ƙarfi da ruwa mai gudu, a kunna fitilar da dare lokacin da ta babban tanki ke kashe, wanda hakan ke kuma hana pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, faɗuwa da asuba. Duk mako biyu a cire kamar kashi ɗaya cikin uku a zubar. Naitret yana barin tankin ne a ranar da ka cire ta. Wadda aka bari ta cunkushe, ƙasanta zai mutu ya mayar da abin da ta ci. Idan ta daina girma ta yi fari alhali akwai naitret, sau da yawa sinadarin ƙarfe ne ya ƙare mata.

Ciyar da bakteriya da ruwan khal

Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi, ita ce kuma ta fi ɓarna idan aka yi garaje. Ana zuba wa ruwa wani abu mai kabon, bakteriya ta ci ta hayayyafa, tana tsotsar naitret da fosfet don gina jikinta, injin kumfa kuma ya kwashe ta zuwa kofi. Masu kiwo a Turai da Amurka sukan yi amfani da barasar vodka, amma farin ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 yana yin aikin, ana ƙiyasta mililita 8 nasa a matsayin mililita 1 na barasar. Akwai kuma na kwalba da aka riga aka haɗa, irin NO3:PO4-X na Red Sea.

Fara da mililita 1 na ruwan khal a kowace lita 100 a rana. Riƙe haka mako guda, ka auna, sannan ka ƙara kamar wancan. Makonni biyu ko uku na farko ba lalle ka ga canji ba, a nan ne mutane ke ƙosawa su ninka maganin. Ka ci gaba da ƙarawa kaɗan-kaɗan har ranar da awo ya nuna naitret ya fara sauka, ka tsaya a nan. Idan ya kusa adadin da kake so, ka rage maganin zuwa rabi. Ka zuba shi da rana, inda ruwa ke gudu, domin yana sauke pH.

Ba a yin wannan sai da injin kumfa mai aiki sosai. Bakteriyar tana shan iskar oksijin, don haka idan ruwa ya yi hazo kamar an ɗiga madara, kifi na haki a sama, ka daina zubawa nan take ka ƙara iska. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, kar ka fara sai kana da batiri ko inbata da ke riƙe famfo ɗaya aƙalla, domin tanki mai cike da bakteriya yana rasa iska cikin 'yan sa'o'i. Farin majina a jikin bututu ko jan shimfiɗar bakteriyar sayano a kan yashi alama ce ta maganin ya yi yawa. Idan kuwa kana ta ƙarawa naitret ya ƙi motsi, duba fosfet: in ya kai sifiri bakteriyar ba za ta iya girma ba. Cire GFO, ƙara abinci kaɗan, sai aikin ya tashi.

Akwai na'urar farar wuta, wadda ke sauke naitret ƙwarai a tanki mai kifi da yawa, sai dai tana cin alkaliniti, wato sinadarin kabonet da murjani ke gina ƙashi da shi, kuma idan gudun ruwa a cikinta ya yi kaɗan za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba ta mai farawa ba ce.

Kowace hanya ka bi, kada saukar ta wuce kamar 5 a mako. Murjanin da ya saba da 40 aka sauke shi zuwa 5 cikin kwana uku yakan zubar da namansa daga gindi. Kuma yayin da naitret ke sauka, ka sa ido kan alkaliniti. Idan abinci ya yi ƙaranci a ruwa alhali alkaliniti na sama da 9 a ma'auninsa na dKH, ƙashin Acropora yakan riga naman girma, kawunan rassan su yi fari kamar an ƙona su. A irin wannan tanki 7 zuwa 8 ya fi.

Idan ya kai sifiri

Za ka ga murjani sun koɗe, sannan wata ƙazanta mai ruwan ƙasa, mai yauƙi, da ƙananan kumfa maƙale a jikinta ta rufe yashi da rana, ta ragu da dare. Dainofilajelet ke nan, wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, kuma wasunsu suna da gubar da ke kashe dodon koɗin tanki. Korarsu ta fi sauke naitret wuya nesa ba kusa ba.

Dakatar da ruwan khal, rage sa'o'in fitilar Chaetomorpha, ƙara abincin kifi. In mako biyu sun wuce babu canji, ƙara naitret da hannu. Narkar da giram 13.7 na sodiyam naitret mai tsabta a lita 1 na ruwan RO/DI. Mililita 10 na wannan haɗin yana ɗaga lita 100 da 1 ppm. Ka lissafa da ainihin ruwan da ke cikin tankin, bayan ka cire gurbin duwatsu da yashi, wanda yakan kai kashi 15 zuwa 20. Kar ka wuce 1 ppm a rana, ka auna washegari kafin ka ƙara. Kada ka yi amfani da gishirin adana nama, domin yawancinsa naitirait ne a ciki, haka ma takin gona, wanda kan zo da amoniya ko tagulla. Da zarar naitret ya samu, fosfet yakan faɗi, don halittun da ke jiran naitrojin sun fara cin duka biyun, saboda haka a makon farko ka riƙa auna fosfet kowane kwana biyu.