Yadda nake karanta ayyukan manazarcin da ya raba ƙafa tsakanin halayyar dabbobi da kafafen labarai

An taɓa turo mini fayil ɗin wata malamar jami'a, aka ce in duba ayyukanta in faɗi ra'ayina. Shafukan farko duk maƙaloli ne a kan tsuntsaye: yadda suke kiwo, yadda suke gargaɗin juna idan shaho ya gifta. Ina juya shafi sai ga babi a kan finafinan namun daji, ga kuma maƙala a kan yadda jaridu ke ba da labarin kerkeci. Nan take na ce magatakarda ya haɗa takardun mutum biyu masu suna ɗaya. Har na rubuta saƙon ƙorafi, Allah Ya rufa asiri ban tura ba, don mutum ɗaya ce. Da na tabbatar da haka sai na koma cewa ai taura biyu ba ta taunuwa, wannan ta kasa a can ne ta gudo nan. Nan ma na yi kuskure, kuma sai da na shafe kwana uku a kan fayil ɗin kafin in gane. Ga hanyar da nake bi tun daga lokacin.

Ka fara da tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Google Scholar, shafin neman maƙalolin ilimi, yakan cusa wa mutum aikin takwaransa, mutumin kuwa ba ya korar ambato, wato wasu marubuta su kafa hujja da aiki a rubutunsu, idan ya zo masa a ɓagas. Nemi lambarsa ta ORCID, lambar shaidar manazarta wadda aka fara bayarwa a 2012, mai gurbi 16, kowa da tasa. In babu, bi sunayen abokan rubutunsa da jami'o'in da ya zauna. Wannan aikin minti goma ne, kada ka daɗe a kai.

Daga nan sai ka rushe tsarin da ya kawo maka. Kusan kowa yakan ware ayyukansa gida biyu, na dabbobi a sama, na kafafen labarai a ƙasa, kamar ba su san juna ba. Ni kan kwashe su duka in jera bisa shekara, tsohuwa a farko. A jerin ne za ka ga inda ɗinkin yake. A fayil ɗin malamar nan, sakin layi na ƙarshe na wata maƙalar tsuntsaye ne ya tona asiri: tana ƙorafin cewa abin da take gani a daji bai yi kama da abin da ake nuna wa mutane a talabijin ba. Duk abin da ta rubuta daga baya daga wannan ƙorafin ya tsiro.

Yanzu aka zo wurin da na fi zama. Ɗauki maƙala biyu daga kowane ɓangare, ka tsallake gabatarwa, ka tsallake sakamako, ka karanta sashen da ya bayyana yadda aka gudanar da binciken. Mai nazarin dabbobi ba ya fita daji sai da jadawalin halaye, inda aka fayyace kowane motsi: wannan shi ne tsince, wannan shi ne ɗaga kai don sa ido, wannan shi ne kora. Mai nazarin abin da jaridu da finafinai suka ƙunsa shi ma yana da littafin ƙa'idojinsa: wannan hoton farauta ne, wannan na reno, wannan jimlar ta ba dabba tunanin ɗan Adam. Sunan ne ya bambanta, aikin ɗaya ne, wato ɗaure ido kada ya ga abin da zuciya ke so kawai.

A 1974 Jeanne Altmann, wadda ta yi suna da nazarin birai a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta fitar da maƙalar da har gobe ake koyar da ita. Ta nuna cewa idan ka zauna kana rubuta duk abin da ya ja hankalinka, faɗa da hayaniya za ka tara, ka manta da uwar da ke zaune shiru tana shayarwa. Maganin shi ne ka zaɓi dabba ɗaya ka bi ta na wani ƙayyadadden lokaci, ko ka riƙa ƙirga abin da garken duka ke yi duk bayan wasu mintuna. To, na buɗe babin malamar nan na finafinai, sai na tarar ta yi wa fim abin da take yi wa tsuntsu. Agogo a hannu, tana tsayar da hoto, tana rubuta daƙiƙa nawa aka ba farauta, nawa aka ba hutu. A nan na ajiye biro na fara karatun daga farko.

Abubuwa biyu nake dubawa a wannan sashen, ko wane ɓangare ne. Shin wani mutum na biyu ya maimaita tantancewar, an kuma auna yadda suka dace? Ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya kawo a 1960 duka fannonin suna amfani da shi, saboda haka babu uzuri. Sannan shin an ƙirga abu ɗaya sau da yawa ana kiransa da yawa? Stuart Hurlbert ya yi wa masana muhalli tatas a kan wannan a 1984. Wanda ya kalli tsuntsu guda sau hamsin bai ga tsuntsaye hamsin ba. Haka wanda ya tara labarai hamsin da jaridu suka kwafo daga kamfanin dillancin labarai ɗaya, labari ɗaya ke hannunsa. Manazarcin da ya kiyaye wannan a daji amma ya yi sakaci da shi a jarida, ina rubuta hakan a rahotona ba tare da kwana-kwana ba.

Sai batun aro. Mai fanni biyu dole ya ɗauko tunani daga nan ya kai can, tambayar ita ce ko aron na aiki ne ko na ado. Misalin na aiki: a 1976 Eric Charnov ya yi lissafin lokacin da ya kamata dabba ta bar wurin kiwo, wato sa'ad da abin da take samu a wurin ya sauko daidai da matsakaicin abin da za ta samu a faɗin dajin, kuma in wuri na gaba da nisa za ta ƙara jimawa. Peter Pirolli da Stuart Card suka ɗauki wannan tunani suka ɗora a kan mai neman bayani a kwamfuta, a maƙalarsu ta 1999, har da batun “ƙamshin bayani” da ke jan mutum daga shafi zuwa shafi. Aronsu ya haifi hasashen da za a iya gwadawa, ya tabbata ko ya faɗi. Na ado kuwa shi ne mutum ya ce masu Facebook “garke” ne, ya wuce abinsa. Idan za ka cire kalmar dabbar daga jimla ba tare da an rasa komai ba, ado ne.

Kada kuma ka ɗauka wannan raba ƙafar sabon abu ne. Niko Tinbergen, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1973 da Konrad Lorenz da Karl von Frisch, ya yi fim a kan yadda tsuntsayen bakin teku ke isar wa juna saƙo, BBC ta nuna, ya kuma ci kyauta a Italiya a 1969. Ga kuma dalilin da ya sa ake bukatar masanin dabbobi ya sa ido a kan allo: fim ɗin Disney na 1958 da ya nuna ƙananan berayen yankin ƙanƙara suna faɗa wa teku don hallaka kansu, shiri ne aka yi. A Alberta ta Kanada aka ɗauka, lardin da ko gaɓar teku ba shi da ita, aka tunkuɗa dabbobin cikin kogi. Har yau akwai masu rantsuwa cewa haka halinsu yake.

Alƙaluma nake barin wa ƙarshe, da gangan. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, mai auna mutum da yawan maƙalolinsa da yawan ambaton da suka samu, yana cutar irin wannan manazarcin. A fannin muhalli maƙaloli gajeru ne, marubuta da yawa, ambato na zuwa da wuri. Sunan farko shi ya yi aikin, na ƙarshe galibi shugaban tawaga ne. A nazarin kafafen labarai mutum kan shekara uku ko huɗu a kan littafi shi kaɗai, kuma Scopus da Web of Science, rumbunan da ke ƙirga ambato, ba su kama littattafai da babuka yadda suke kama mujallu. Idan ka zuba duka a ma'auni ɗaya za ka ga kamar ya yi sanyi bayan ya sauya fanni, alhali mudun ne ya sauya. Sanarwar San Francisco ta 2012 a kan tantance bincike ta ja kunne kada a auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki. Ni kan kwatanta kowane ɓangare da sa'o'insa na wannan fannin, in kuma duba su wa ke ambatonsa: shin masu kafafen labarai sun karɓe shi, ko tsofaffin abokansa na daji ne ke masa kara?

Ɓangaren da ba fanninka ba ne kuwa, nemi ɗan gida ya karanta maka maƙala ɗaya, ka faɗi a rahotonka cewa ka yi hakan. Ni na kai wa wani abokin aiki babin finafinan. Ya dawo da shi cike da jan biro, yana cewa ƙirgenta babu kamarsa, amma ba ta tambayi wa ya ɗauki nauyin fim ɗin ba, ba ta kuma tambayi wa ake son ya kalla ba. Ni ko a mafarki wannan giɓin ba zai zo mini ba. Na sa maganarsa a shafi na biyu na rahoton, ƙasan yabon da na yi wa agogonta.