Yadda Ake Duba Sabuwar Motar Shaƙatawa Kafin A Biya Kuɗinta

Motar shaƙatawa, wadda Amurkawa ke kira RV, mota ce ko tirela da aka gina ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta. Ba ta yawaita a titunan Zariya ba, amma wanda zai yi odarta, don tafiye-tafiyen iyali ko aikin bincike a ƙauyuka ko mayar da ita asibitin tafi-da-gidanka, ya kamata ya san cewa sabuntarta ba ta tabbatar da ingancinta. Ƙaramar mota tana fitowa ne daga layin injuna masu maimaita aiki iri ɗaya, ita kuwa wannan gida ne da ma'aikata ke haɗawa da hannu, da katako da gam da sukurori, a kan shasin da sau da yawa wani kamfani dabam ya ƙera.

Mafi yawan waɗanda ake yi a Amurka suna fitowa ne daga yankin Elkhart na jihar Indiyana, inda manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke da masana'antu. A shekarar 2021 masana'antun sun fitar da fiye da guda 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan, kuma a da yawa daga cikinsu ana biyan ma'aikaci gwargwadon yawan abin da aka kammala. Duk wanda ya taɓa ba magini aikin jinga ya san abin da gaggawa ke haifarwa. Ga kuma garanti, wanda galibi na shekara ɗaya ne kuma a rarrabe yake: na shasi dabam, na ginin ɗaki dabam, na firji da na'urar sanyaya ɗaki dabam. Da wuya ka samu wanda zai cika maka wannan alkawari bayan motar ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas, don haka dole a yi binciken can inda take, ko da kanka ko ta hannun ƙwararren mai duba mota da kai ka ɗauka ka biya, wanda ba yaron dillali ba ne.

Ka fara da rufi, kuma ka ba shi lokaci fiye da komai, domin yoyo ne babban abin da ke kashe irin wannan mota. Yawancin rufin waɗannan motoci shimfiɗar roba ce a kan filawud, kuma duk inda aka huda ta don tagar iska ko eriya ko na'urar sanyaya ɗaki, gam ne kawai ya tare ruwa. A hau da tsani a bi kowace gaɓa da ido da yatsa, a nemi inda gam ya tsage, ko ya yi rami, ko aka tsallake shi gaba ɗaya. Bayan haka mutum ɗaya ya riƙe tiyo yana zuba ruwa a kan rufi da tagogi da ƙofofi na tsawon lokaci, wani kuma yana ciki da tocila yana buɗe kowace durowa da kabad, yana shafa kusurwoyi. Idan ka taka daɓen ka ji ya lotsa, ko ka ga bangon waje ya yi kumburi kamar ƙurji, ruwa ya riga ya shiga tsakanin fatar bangon da katakon ciki, kuma gyaran wannan yana iya cin kuɗi mai yawa. A ganina, ko da an yi maka ragi, motar da ta nuna wannan alama tun tana sabuwa ba ta cancanci a ɗauka ba. Zafin Maris da Afrilu a Zariya yana gasa gam har ya bushe, hunturu ya ƙara tsattsaga shi, sannan ruwan Agusta ya samu hanya a buɗe; abin da ya fara da ɗigo ɗaya yakan ƙare da funfuna da ruɓaɓɓen katako kafin kaka.

Daga nan sai famfo da gas. A cika tankin ruwa, a kunna famfon, a rufe duk kawunan ruwa a saurara: idan injin famfon yana tashi shi kaɗai lokaci zuwa lokaci, akwai inda ruwa ke zurarewa. A shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗar bututun gas, in ta yi ƙwai to iska na fita, kuma a gwada na'urorin da ke ƙara idan hayaƙi ko gas ya taru, tunda a cikin ɗakin nan mutane za su kwana.

Batun wuta ya fi shafar mu fiye da mai saye a can. Kayan cikin motar da aka yi don Amurka suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali tamu bolt 230 ce da bugu 50. Wanda ya jona ta kai tsaye da wutar gida zai ƙone cajar batir da na'urar sanyaya ɗaki nan take. Taransifoma tana rage ƙarfin wutar amma ba ta sauya bugun, saboda haka injin sanyaya ɗakin yana iya yin zafi fiye da ƙima. Motocin shaƙatawar da aka ƙera a Jamus ko Faransa ko Italiya sun dace da wutarmu, sitiyarinsu kuma a hagu yake kamar yadda muke tuƙi tun 1972. Na Ingila kuwa sitiyarinsu a dama yake, kuma doka ta hana shigo da irinsu.

A ƙarƙashin mota a duba walda, da wayoyi ko bututun da ke lilo kusa da taya ko salansa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, kuma sabuwar mota kan zo da tayar da ta daɗe a ajiye. A karanta takardar nauyin da aka manna mata, a tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 150 ya cinye kilo 150 na abin da za ta iya ɗauka kafin a saka buhun shinkafa ko janareto. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuma a shigar da ita a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, a ga ko an taɓa yin kiran a dawo da irinta don gyara wani lahani.

Duk abin da aka gano a rubuta shi, a ɗauki hotonsa, dillali ya sa hannu, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an gyara an sake gwadawa. Idan ta iso gida, ka kwana a cikinta dare biyu a ƙofar gidanka kana amfani da komai, ka kira bakanike da mai gyaran wuta da kafinta kowa ya duba ɓangarensa. Tafiyar farko kada ta wuce daga Zariya zuwa Kaduna, kimanin kilomita 80, kuma da isarka ka sa a sake ɗaure notinan tayoyi, a taɓa cibiyar kowace taya a ji ko ta yi zafi fiye da sauran.